Hannun da Na Ba Sarkin Makafi

Sheme,
Litinin, 8 ga Nuwamba, 1976.

Zuwa ga ɗana Maharazu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Suwaibatu da yara. Yaya Kaduna, yaya aiki? Yau na tashi da sauƙi. Tarin ya lafa, ƙafa ce dai sai a hankali. Idon hagu ka san ya riga ya tafi. Na dama kuwa yana nan, kamar mutum yana leƙen tsakar gida ta cikin mayafi. Da rana tsaka nake fitowa bakin zaure in rubuta, shi ya sa za ka ga baƙaƙen manya-manya irin na ɗan aji ɗaya. Kada ka yi wa tsohon malaminka dariya.

Na isar da saƙonka ga Malam Audi, Sarkin Makafi. Na same shi da jama'arsa a filin igiya na bakin titi, inda suke tufka tun kafin a haife ka, har da waɗanda ke zuwa daga Mairuwa ran kasuwa. Na gaya musu yadda ka ce: ƙungiyarku ta taimakon makafi za ta gina musu ɗakin sana'a a kan filin, da rumfa, da kwarmin jiƙa rama, don su huta da rana da ruwan sama. Abin da ake buƙata kawai su ciro turakunsu su matsa har a gama.

Malam Audi bai yi murna da sauri ba. Ya ce filin nan ƙafafunsu sun haddace shi, kowa ya san turkensa ba tare da jagora ba. Sa'an nan ya ce in kawo mai alkawarin ya faɗa da bakinsa. Wataƙila ba ka san al'adarsu ba. Ba sa karɓar magana a takarda, tunda ba su ganinta. Sai mutum ya zo ya ambaci sunansa da na ubansa, ya sa hannunsa cikin na Sarki, ya faɗi alkawarin kowa yana ji. Muryar suke riƙewa.

Na ce aiki ya tsare ka, amma kai ɗan ƙanena ne, a ɗakina ka tashi, ni na koya maka riƙon alƙalami. Na ce ga hannuna a madadin naka. Ya riƙe shi ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Malam, ka san mi ka ɗauka?" Na ce na sani. Shi ke nan, washegari suka ciro turakun.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa ba da ka zo. Tun rasuwar matata Zulaihatu, ba ni da wurin zama sai wajen mutanen nan. Da can ni ke karanta musu jarida. Yanzu su ke koya mini. Malam Audi yana nuna mini yadda ake tuƙa igiyar guga, Goggo Tani mutuniyar Sabuwa kuma tana koya mini bin hanya da sanda. Ta ce tufkata ko kaza ba za ta ɗaure ba, wai bokon ya lalata mini yatsu. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Idan idon nan ya ƙarasa, can zan koma, kuma ba na jin tsoro kamar da.

Allah ya yi maka albarka a kan wannan aiki. Ka gai da iyali.

Ni ne babanka,
Abdulƙarim Ɗanasabe.

Sheme,
Alhamis, 17 ga Maris, 1977.

Ɗana Maharazu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan Suwaibatu ta warware daga zazzaɓin da aka ce ta yi. Ni jiki ya ɗan yi nauyi saboda zafi, kuma yanzu sai na ɗora rula a kan takarda kafin layi ya miƙe.

Har yau ana maganar bikin aza harsashin da kuka yi. Ba a taɓa ganin motoci haka a Sheme ba. Na ji jawabinka ta lasifika, hawaye suka zo mini. Na so a ce ka tsaya ka gaisa da Malam Audi bayan an gama ɗaukar hoto, amma na ce masa manyan baƙi ne suka ja ka. Fararen sandunan da kuka raba an gode. Goggo Tani ta rataye tata a ɗaki, ta ce ta yi kyau da yawa, ba za ta kai ta cikin kashin awaki ba.

Inda suka koma ba daɗi. Bayan kasuwa ne, kusa da mahauta, ga gangare ga ƙaya. Igiya mai tsawo ba ta tuƙuwa a wurin. Ɗaya daga cikinsu, Malam Mani, ya faɗa rami a makon jiya, ya gurɗe ƙafa. Ba wanda ya ce da ni komai, sai dai kowa ya tambaya yaushe za a gama.

Akwai abin da ya sa na rubuto. Gini ya kai rufi. Shekaranjiya Malam Audi ya ce in raka shi, muka je bayan magina sun tashi. Ya bi bangon da hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce ya ji ƙofofi a jere, dukansu suna fuskantar titi, kowace da ɗan ɗakinta, kuma dakalin ya kai masa gwiwa. Ya tambaye ni ina za a ja igiya a cikin waɗannan ɗakuna, ina kuma kwarmin rama. Na ce ginin zamani ne, mai yiwuwa rumfar ta baya za a yi. Ya ce, "To, Malam." Muka juya gida.

Na san akwai bayani. Mutane suna cewa kantuna ne, ni kuwa na ce ɗana ba zai yi haka ba. Ka rubuto mini abin da zan faɗa musu, ko layi biyu ne. Idan kuɗin ƙungiya ne ya gaza, ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Mutanen nan sun saba da haƙuri.

Ka shafa mini kan yara.

Babanka,
Abdulƙarim.

Sheme,
Lahadi, 10 ga Yuli, 1977.

Maharazu,

Ina gaishe ka, ina gai da iyalinka, domin gaisuwa ba ta faɗuwa saboda ɓacin rai. Lafiyata ba yabo. Sanyin damina ya dawo da tarin. Ido kuwa saura haske kawai, ina bambance rana da inuwa, ba na ganin abin da nake rubutawa. Idan layi ya hau kan layi, ka yi haƙuri ka karanta.

Wasiƙata ta Maris ba ta sami amsa ba. Yanzu ba na buƙatarta. An buɗe kantunan. Ɗaya siminti, ɗaya rediyo da batir, ɗaya kayan mota. Na kusa da masallaci har igiyar roba yake sayarwa, shuɗiya aka ce, a daidai inda turken Malam Audi yake.

Wannan duka da na iya haɗiye shi. Duniya ta canja, kuɗi sun shigo ƙasa, na ga yadda suka juya mutanen da suka fi ka shekaru. Abin da ya hana ni barci shi ne na ranar Laraba.

Ina zaune a inuwar ginin ina hutawa, mota ta tsaya. Mutum ya fito, ya tako har kusa da ni, ya tsaya. Na yi sallama, ba a amsa ba. Sai na ji ɗan kakin nan da kake yi kafin ka yi magana, wanda kake yi tun kana yaro in an tambaye ka karatu. Na ce, Maharazu ne? Shiru. Ina jin numfashinka. Na miƙa hannu, sai na ji takalmi ya ja baya a kan tsakuwa, a hankali, don kada ya yi ƙara. Daga baya Gide magini ya ce kai ne, ka zo karɓar makullai, ka kuma ɗaga masa yatsa ka ce ya yi shiru.

Ban san ko ka gane abin da ka yi ba. A wajen makafi, ko yaro ƙarami ya iso sai ya faɗi sunansa. Wanda ya tsaya gaban makaho ya yi shiru, ya mai da shi kututture ne. Ka tsaya kana kallona, ka dogara da cewa ba na ganinka. Ni da na goya ka zuwa asibitin Funtuwa lokacin ƙyanda.

Yanzu ga halin da nake ciki. Idan na je bayan kasuwa na yi sallama, ana amsawa, don sallama ta Allah ce. Amma ba wanda ke faɗin sunansa. Hira sai ta tsaya. Ina jin rama tana motsi a hannuwa, ban san wa ke dama da ni ba, ban san wa ke hagu ba. Goggo Tani ma ta daina tsokanata. Ba su zage ni ba, ba su kore ni ba. Na zauna a cikin mutane kamar ina zaune a dawa.

Jiya na sami Malam Audi a gida na roƙe shi. Ya ce ba ya riƙe da ni a zuciya, amma hannuna ne ke cikin nasa, ba naka ba, kuma jama'a ba su da wata murya da za su kama sai tawa. Ya ce, "Shi taho ran Juma'a bayan an sauko. Ba mu ce shi rushe gini ba. Shi faɗi sunanshi, shi ce ni ne na yi, ba tsohon nan ba. Shi ke nan, hannunka ya fita."

Abin da nake nema ke nan. Ban ce ka mayar da fili ba, na san ba za ka mayar ba. Ka zo Juma'a ta sama, ashirin da biyu ga wata, ka buɗe baki a gabansu. Ba zai ɗauke ka tsawon shan shayi ba. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka fara aiki. Waɗannan mutane su ne za su ja ni zuwa masallaci, su ne za su san ranar da ban fito ba.

Na ba direban motar Kaduna wannan takarda, ya yi alkawari zai sa ta a hannunka.

Babanka,
Abdulƙarim.

Sheme,
Asabar, 23 ga Yuli, 1977.

Maharazu,

Ina gaisuwa. Jiki dai ga shi nan.

Direba ya ce ya ba ka takardar, ka karanta a gabansa, ka ce to.

Jiya na sa farar rigata. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a bayan kasuwa, su duka, har da Malam Mani da ƙafarsa. Duk motar da ta rage gudu a titi sai in ji kowa ya tsai da tufka. Aka kira la'asar muka yi, muka dawo muka zauna. Da hadari ya taso suka fara naɗe kayansu, suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tsaya ya ɗora mini sandata a kan cinya, don ta faɗi ban sani ba. Na ce wane ne, bai faɗa ba.

Ba ka zo ba.

Abdulƙarim Ɗanasabe.