Akawal da Kanwar Surukina

Hajiya Asta, don Allah ki cece ni, dokina zai mutu a hannun surukina, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa.

Ni manomin shinkafa ne a Gashuwa. Akawal sunan dokin, shi kaɗai mahaifina ya bar mini, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu ke nan dokin yana fama da ciwon ciki. In abin ya motsa sai birgima da nishi, har maƙwabta su leƙo. Likitan dabbobi, Malam Taufiq, ya duba ya ce haƙoransa sun cinye: a jiƙa masa dusa, a ba shi harawa mai laushi, ban da busasshen gero, kanwa kuma ɗan lasa kawai. Na bi, doki ya fara murmurewa.

Sai Baba Bappayo, uban matata, ya ji labari. Duk ranar kasuwa yana tahowa daga Nguru dubiya, ba ni ba, ba jikokinsa ba, doki! Ya zo da ƙullin kanwa ungurnu da kwanon gero, ya ɗura masa da hannunsa, yana cewa likitocin yanzu ba su san doki ba. Ni kuwa ina tsugune, kai a ƙasa, ina cewa madalla. Wa ya isa ya musa wa suruki? Shi ma Akawal munafuki ne, da ya hango rawanin tsohon sai haniniya. Washegari ciki ya kumbura, in ruga kiran likita. Sau biyar ke nan, kuma Malam Taufiq ya ce na gaba da wuya ya tashi. Matata ta ce ba ruwanta, ubanta ne. Wallahi in dokin nan ya mutu, kamar na sake binne mahaifina ne.

Mai Doki, Gashuwa

Malam Mai Doki, sannu da jinya. Na yi dariya, amma na tausaya maka.

Surukinka ba mugu ba ne. Mai shigo mota tun daga Nguru don doki, ƙauna ce ta kawo shi, kuma a zamaninsa kanwa ta yi aiki. Sai dai tsohon doki ba ya tauna abin da ya tauna jiya. Kai ma da laifinka: madalla biyar ka ce, kumburi biyar ka samu.

Kada ka musa masa. Gayyato likita ranar kasuwa, ya buɗe bakin Akawal, surukin naka ya ga haƙoran da idonsa. Sannan likita ya roƙe shi, a matsayinsa na masani, ya riƙa jiƙa dusar da ba da magani da kansa. Dattijon da aka damƙa wa aiki, shi zai fara korar mai kawo gero. Kanwar kuma ka karɓa hannu biyu, ka miƙa wa uwargida, miyar kuka na jira.

In duk ya ƙi, to durƙusa ka faɗa masa gaskiya. Fushin suruki kwana uku ne, mushen doki kuwa ba ya tashi.

Allah ya ba Akawal lafiya, kai kuma ya ba ka baki.