Sunan da Aka Ara wa 'Yata

Delhi, Indiya

Yaya Na'Allah,

Assalamu alaikum. Ina fatan Inna da yara suna lafiya, kuma masara ba ta karye a kasuwar Salka ba. Mu nan alhamdu lillahi. Ciwon zuciyar matata Fure da ya kawo mu asibitin nan ya yi sauƙi, har ta fara yi mini faɗa.

Sai dai haihuwar ta zo bakwaini, mace. Aka sa ta a kwalba, ni kuma na riƙe sunanta a bakina, wai sai ranar suna kamar yadda muka saba. Wata tsohuwar nas ta ce ita ba ta jinyar jariri babu suna, ta riƙa kiranta Amrita. Ka san ni, ba na karɓar kaya ban juya shi ba. Na tambaya, ta ce daga Sanskirit ne, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, ma'anarsa abin da ba ya mutuwa. Na yi dariya, na ce wannan ai sai Allah.

Yaya, ba ta kai ranar sunan ba. Mun binne ta a maƙabartar Musulmi.

Ragon sunan da ka sayo a Bobi, a yanka a yi sadaka. Inna kuma ka bi ta a hankali. Sannan ka tambayar mini Liman: Salihatu na yi niyyar raɗa mata, amma kunnenta bai taɓa jin sunan ba, Amrita kawai ta sani. In na kira ta gobe kiyama, da wanne za ta waiwayo?

Ƙaninka,
Abdulfatahi