Ƙarar Motar Babansu

Assalamu alaikum, Ƙanena,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da yarana da ke hannunka. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya nake, alhamdu lillahi. Tsohuwar da nake jinya ba ta da rigima, sai dai ɗaga ta yana taɓa mini baya. Kada Inna ta ji.

Game da motar marigayi baban yarana da ke kwance a garejinka, na je shagon masu ƙera kayan motocin tsere da kamfani ya daina yi. Mai shagon ya duba hoton da ka turo, ya ce turbo na asali, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi da ta lalace, ba ya samuwa, amma nasu zai shiga idan aka sake saita injin da kwamfuta. Na ce, ƙararta fa? Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, in an sake saiti, ai ƙara ma sai ta sake."

Ka san da kunne marigayi ya saita ta. Tun daga bakin layi nake gane ta, in tashi in ɗora masa ruwan wanka. Ina ni ina makokin ƙarfe? Na yi istigfari, zuciyar ba ta kwanta ba.

Na sayi turbon, yana hanya. Ka gyara ta, 'yata ta fari ta koyi tuƙi da ita kamar yadda ya yi mata alkawari. Barin ta tana tsatsa ba ibada ba ce. Roƙona ɗaya: ranar da ta tashi, kada ka kira ni in ji.

Allah Ya yi maka albarka, Ya jiƙan babansu.

Yayarka