Tambarin da ke jikin sifanata

Laraba da dare, Gubaira

Na kasa cin abinci. Shekara uku ke nan da na sayi tsohuwar sifanar nan a kasuwar gwanjo, ban taɓa damuwa da ɗan tambarin da ke ƙotarta ba, mai ƙafa huɗu a lanƙwashe. Raju, Ba'indiyen da muke gyaran mota tare, ya ce swastika ce, a garinsu a bakin ƙofa suke zana ta don neman alheri.

Yau wani dattijon injiniya ɗan Poland ya kawo motarsa garejinmu. Da ya ga sifanar a hannuna sai ya ƙura wa tambarin ido. Can ya ce, “Kafin yaƙin duniya na biyu wasu maƙera a Amurka suna buga wannan don sa'a. Amma in akwai mikiya a samanta, ta sojan Nazi ce. A irin masana'antarsu aka sa kakana aikin dole, bai dawo ba.”

Tsatsa ta rufe saman tambarin. Na ce, “Yallaɓai, in goge mu gani?” Ya ce a'a, ya fita waje ya jira a gama gyaran motarsa.

Bayan ya tafi na sa sanfefa na kankare tsatsar. Fiffike ya fara fitowa, sannan kan tsuntsun.

Raju ya ce ƙarfe ba shi da laifi. Na sani. Amma na naɗe ta a tsumma na tura ƙasan akwati, kuma tun la'asar nake tunanin mai hannun da ya ƙera ta, ko ya koma gida.