Baba, Ana Sauraron Ajinka Daga Cikin Gero

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba mai Turanci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma tun rasuwarka ban sami wanda zan kai wa ƙara ba, kuma ƙarar da na kawo yau, ka yi haƙuri, da hannunka a ciki.

Ajinka yana hannuna har yanzu, a makarantar garinmu nan ƙasar Zurmi. Ba zan rubuta sunan garin ba, za ka ga dalili.

Ka tuna yadda kake koyar da jimlolin nan masu aikatau biyu? Kakan ce Bature ba ya haɗa aiki da aiki sai ya sa ɗan "to" a tsakaninsu, sannan ya faɗi inda za a je ko inda za a tsaya. Mu kuwa bakinmu ya saba da Hausa, sai mu haure shi mu wuce. In yaro ya haure, sai ka dafe kai ka ce, "Kai, ina kay yada ɗan mutane?" Aji ya kwashe da dariya, yaron ya koma ya ɗauko.

Kuma ba ka yarda da karatun zuci ba ko kaɗan. Waƙa ka mayar da su. I want to go to the market. She asked me to wait at the gate. They told us to stay in the house. Kai ka ja, aji ya amsa, a ƙarshen kowace jimla ka ƙwanƙwasa benci sau biyu da bayan yatsa. In murya ta yi sanyi ka daka tsawa, "Ku hwaɗa da ƙarhi, ni ban koyar da marasa lahiya!" Da wannan waƙar yaran ƙauyenmu suka riƙa cin jarrabawa har suka shiga babbar makaranta a Ƙaura. Ni ma da ita nake koyarwa, kuma makogwaronka na gado, Inna ta sha cewa gidanmu ba ya bukatar lasifika.

To, Baba, garin da ka bari ba shi ne wannan ba. Mutanen daji sun matso. Sunansu ma ba a kamawa, sai dai a ce "su". Da damina ta yi nisa, geron bayan makaranta ya rufe mutum har da wanda ke kan babur, Hedimasta ya kira ni ya ce iyaye sun roƙi a rage murya, don waƙar nan shela ce cewa yara sun taru wuri ɗaya. Ka san halina, sai da na yi masa ta tas. Amma da na koma gida na dubi jikarka Hauwa tana gugar farin hijabinta na makaranta, sai na haƙura.

Muka koma karatu da raɗa. Kai, abin takaici! Ko mako biyu ba a yi ba, yaran suka fara zubar da ɗan "to" ɗinka ko'ina, ga jarrabawa ta tunkaro. Raina ya ɓaci, ina ganin wannan ce babbar matsalata a duniya.

Ran kasuwar Shinkafi na je sayen alli da takalman Hauwa. Ina tsaye a tasha da rana tsaka ina jiran mota ta cika, wani mutum ya tsayar da babur a gabana, rawani ya rufe masa rabin fuska. Ya ce, "Malama, ina wuni." Ban san shi ba, na dai amsa. Sai ya buɗe baki ya rera, "Ai wan tu go tu di maket," da ainihin karinka, ba kuskure. Yana kai ƙarshe ya ƙwanƙwasa tankin babur sau biyu da bayan yatsa.

Baba, waƙa iska na iya kai ta nesa. Amma ƙwanƙwasa bencin nan, sai wanda ya jingina da bangon aji ne zai ji ta.

Ya ce, "Kwana biyu mun ji shiru, mu ko mun saba. Ku koma yadda kuke, kada mu zaci an kwashe ɗiyan." Ya ja babur ɗinsa a hankali ya shige cikin mutane. Wallahi ban san yadda na shiga mota ba. Allin ma a tasha na bar shi.

Aka taru a zauren mai unguwa, aka kira ni na maimaita abin da na ji. In an rufe makaranta, mutanen daji sun gane. In gari ya tashi gaba ɗaya, a tare hanya, kamar yadda aka yi wa wani ƙauye gabas da mu. In kuwa an koma waƙa, kullum safiya muna gaya musu da bakinmu cewa yara suna nan. Kowa ya kawo shawara, wani ya rushe ta.

Ana cikin haka sai ga yayarka, Gwaggo Tumba, da sandarta, ba wanda ya gayyace ta. Ta ce, "Waƙar Garba ce matsala? Shekara da shekaru ina daka tana shigo min ta katanga, ni ma na iya ta." Ta gyara tsayuwa ta rera ta tun daga farko har ƙarshe, da 'yar siririyar murya kamar ta yarinya. Ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma ba ta yar da ɗan mutane ko sau ɗaya ba. Duk da halin da ake ciki sai da na yi dariya, na kuma yi kuka.

A nan aka tsayar da shawara. Yara za su riƙa fita kaɗan-kaɗan a motocin kasuwa, a tsakanin buhuna da kaji, zuwa gidajen 'yan'uwa a Ƙaura. Duk yarinyar da ta tafi, ta bar hijabinta. Tsohuwa ta sa shi da safe, ta shigo ta ƙofar cikin gari, ta zauna a gurbinta. Tsofaffi ne kawai, don su ne ba a tambayar inda za su. Muka rufe tagogin da ke kallon gona, muka koma waƙa da ƙarfi kamar yadda aka umarce mu.

Da ka ga ajinka yanzu! Gwiwoyi ba sa shiga ƙarƙashin benci, wata na ɓoye goro a kumatu, Gwaggo ta naɗa kanta shugabar aji tana hararar mai gyangyaɗi. Da farko muryoyin yara sun rufe nasu. Amma kullum yara raguwa suke, yanzu kusan duk tsofaffi ne, kuma makogwaron tsohuwa ba na yarinya ba ne. Sun fara dishewa. Citta da kanumfari nake dafa musu a tukunya kafin a shiga aji.

Jiya da hantsi muna tsakiyar waƙa, na ji babur ya zo bayan bango ya tsaya. Aka kashe shi. Na ci gaba da ja, suna amsawa. Sai tari ya sarƙe wata a layin baya, irin tarin nan mai zurfi da yaro ba ya yi. Gwaggo ta hau dukan benci da tafin hannu tana ƙara murya don ta rufe shi. An daɗe, an daɗe ƙwarai, kafin na ji an tayar da babur ɗin. Da muka tashi Hedimasta ya leƙa, ya ga gero a kwance daidai ƙarƙashin taga, da guntun sigari bai gama mutuwa ba. Ban sani ba ko ya ji tarin. Abin da ke cin raina ke nan, ban sani ba.

Gobe sauran yaran za su fita, har da Hauwa. Ni na bar ta a ƙarshe, don kada a ce Malama ta fara da tata. Ina jin tsoro, Babana, tsoron da ban taɓa ji ba. Daga lokacin da motar za ta tashi sai mun yi ta waƙa ba tsayawa, har a bugo waya a ce ta shiga Ƙaura. Abin da zai biyo baya ranar da ajin ya yi shiru, ba wanda ya tambaya, ni ma ban tayar da maganar ba.

Wannan takarda a jakar Hauwa za ta tafi. Na gaya wa ƙanwata da ke Ƙaura kada ta sa ta a shafina na intanet sai ta ji mun fito, ko ta ji akasin haka.

Ya Allah, Ka jiƙan mahaifina, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa karatun da ya bayar ya zame masa sadaka mai gudana. Ka rufe idon mugu daga motar gobe, Ka kai ɗiyan mutane hannun danginsu lafiya. Ya Allah, tsofaffin nan ba su da wani abin bayarwa sai makogwaronsu. Ka riƙe musu shi, kada ya dishe kafin wayar ta shigo. Amin.

Wassalam. Taka 'yar mai faɗa,
Saratu.