Sunan Mahaifin Inna

Yaya Bilkisu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna?

Masu adana tarihi a Ingila sun amsa mini: ba a neman mutum da laƙabi. Mu kuwa "Mai Lofe" kaɗai muka sani, sunan da leburorin jirgin ƙasa na Zariya suka laƙaba wa Baturen da ya haifi Inna. Sunan danginsa ba wanda ya riƙe.

Duk lokacin da na kira ta daga Dubai, muryarta ta ƙara raunana, tambayarta ɗaya: "Sani, ka samo sunan ubana?"

Ki taya ni addu'a, ki gaida Malam. Na aika yawuna Landan don gwajin dangantakar jini, sakamako bai fito ba tukuna.

Ƙaninki,
Sani