Sauro Ya Daina Cizona

Inna mai filin ba da shawara, don girman Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da guduma. Na san in kin ji abin da ya kawo ni za ki ce ga wani ya samu lafiya yana kuka. Ki daure dai ki karanta har ƙarshe. Sauro ne ya daina cizona, yau wata biyu cur da na farga, kuma tsoro ya hana ni sakat.

Ni kafinta ne, shekaruna arba'in da shida, ina da mata da 'ya'ya mata uku. Da bazara aikina shi ne sa raga a tagogi da ƙofofi. Da zarar zafi ya kankama mutane suka fara barin taga a buɗe, ko zama ba na samu. Abin dariyar, ni da nake kare gidajen mutane, duk duniya babu wanda sauro yake ƙauna kamata. Mu gidanmu haka muke. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce take cewa jininmu zaƙi gare shi. In muka zauna mu goma, tara su yi hira, ni in yi ta tafi a ƙafa kamar an ɗauko ni kiɗa. Abokaina a bakin shago har rige-rigen zama kusa da ni suke yi. Maiɗakina kuwa cewa take ba don kyau ta aure ni ba, maganin sauro ta samu wanda ba ya ƙarewa. Na sha yin fushi da wannan magana, yau kuma wallahi kewarta nake yi.

Abin da ya sa nake tsoro shi ne ba ni ne na farko ba. Shekarar da Baba ya rasu ina da shekara sha tara. Wata rana da yamma yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafafu, sai na ga Gwaggo ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsa. Ta daɗe a tsaye. Ni ban ga komai ba, sai daga baya na lura mutumin da ba ya minti ɗaya bai mari ƙafarsa ba, ga shi zaune lafiya lau yana jin rediyo. Gwaggo ta jawo mahaifiyarmu gefe ta ce a aika wa 'yan'uwa na nesa su zo su gaisa, don sauro ba ya shan jinin matafiyi. Da kunnena na ji. Wani ɗan miki ne ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, aka ce ya taka wani abu, aka yi ta jiƙe-jiƙe, kafin damina ta ɗauke mun binne shi.

Sai Yayana, wanda nake bi, direban babbar mota. Shekara shida ke nan ya kira ni a waya yana ta dariya, wai a taya shi murna, sauro ya sallame shi, yanzu ko a bakin kwata ya kwana ba ya jin cizo. Na taya shi dariyar. Ban tuna masa maganar Gwaggo ba, har gobe ina jin ciwon wannan shirun. Wata uku tsakani ya kwanta hutawa da rana a inuwar motarsa, bai tashi ba. Gwaggo ma ta riga mu gidan gaskiya, babu wanda zan je in tambaya.

Ni nawa ban san ranar da ya fara ba. Na dai farga wata magariba muna cin abinci a tsakar gida, maiɗakina tana ta marin hannu, yara suna ta susa, autarmu har tana kuka, ni kuwa ko ƙaiƙayi. Na tsame hannuna daga kwanon. Washegari na ce bari in gwada. Bayan shagona akwai wata kwata da ta toshe, ga tsofaffin tayoyin makwabcina mai faci cike da ruwa, da yamma wurin har kuka yake yi. Na naɗe hannun riga na tsaya. Inna, sun zo. Sun kewaye kaina suna kukansu, ɗaya ya sauka a damtsena, ina kallonsa da idona. Ya ɗan taka, ya tsaya, ya sunkuyar da baki kamar mai shinshina, sai ya ɗago ya tashi abinsa. Na biyu ma haka. Na duba ƙafafuna na ga wasu a kai sun yi layi, amma ban ji komai ba, kamar a kan katako suka sauka. Ban taɓa sanin ƙwaro zai iya raina mutum har ya ji hawaye ba sai ranar.

Tun daga nan nake ta ganin alamu. Satin da ya wuce na cire takalmi na ga safata da jini, ashe 'yar ƙusar raga ce ta shige tafin ƙafata, na yini a kanta ban sani ba. Wando yana zame mini, na ƙara wa bel huda biyu. Ƙishi kamar na haɗiyi garin katako, in shanye jarka guda in yi ta zaryar banɗaki, na ce ai zafi ne. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kiyashi. Sauro ya bar ni, su kuma sun same ni. Duk inda na kama ruwa a bayan shago, in na dawo sai in tarar sun yi baƙi a wurin, na sauran ma'aikata kuwa ba su kula shi ba. Sai nake ganin kamar ƙwarin sama sun sallame ni, na ƙasa sun fara karɓa.

Maiɗakina ta san labarin Baba da na Yaya, ni na ba ta da bakina. Don haka ƙarya nake yi mata kullum. In mun zauna da yamma sai in riƙa marin ƙafata ina tsaki, ina susa, ina zagin sauro kamar da. Na ɗauka na iya wasan. Shekaranjiya na kai mari a hannu, sai ta kamo hannun, ta buɗe tafin a hankali ta duba, babu sauro babu jini. Ta rufe mini shi kamar mai mayar da ajiya, ta tashi ta shiga ɗaki. Tun ranar ba ta sake tsokanata ba.

Na riga na fara shiri. Na sabunta ragar kowace taga a gidan, na ninka ta ɗakin yara. Katakon duk na shafe shi da sabon maganin gara da na fara aiki da shi bana, mai ƙarfi ne, ko na yi wanka warinsa ba ya barin hannuna, ina so ya yi musu shekara goma ba su nemi kafinta ba. Amma autata ta yi zazzaɓi sau biyu a watan nan, don a da ni nake tare musu cizon, yanzu babu mai tarewa.

Tambayata biyu ce. Me zan ƙara yi wa gidan don in bar su cikin kariya? Sannan in faɗa mata, ko in bar ta da sauran kwanakin cikin kwanciyar hankali? Kada ki ce in je asibiti, ni ba ciwo nake ba, babu inda yake mini zafi.

Naki, Mai Raga.

*

Mai Raga, ƙanena, sannu. Ba zan yi maka dariya ba. Da na gama karanta wasiƙarka sai da na duba nawa hannun, na ga tabon cizon jiya, na ce alhamdulillahi. Tsoronka ba na banza ba ne, mutum biyu ka binne. Gwaggo ma ba ƙarya ta yi ba, ta ga abu da idonta. Fassarar ce nake jin ta kuskure mata, kai kuma ka gaje ta.

Ka ce kada in ambaci asibiti. To ka yi haƙuri, da shi zan fara. Sake karanta abin da ka rubuto. Ƙusa ta yini a ƙafarka ba ka ji ba, ta yaya za ka ji bakin sauro? Waɗanda ka gani sun yi layi a ƙafarka wataƙila sun sha sun ƙoshi, ƙafar ce ba ta kai maka labari ba. Ga ƙishi, ga yawan fitsari, ga rama, ga kiyashi a inda ka kama ruwa. Ga mikin Baba da ya ƙi warkewa. Ni ba likita ba ce, ba zan yanke maka hukunci daga takarda ba, amma waɗannan sanannun alamu ne da ake cewa a je a auna suga a kansu, kuma ciwon suga yana bin dangi. Kiyashi ba kabari suke haƙa maka ba, zaƙi suke bi. Awon nan ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, bai kai abin da sauro guda yake ɗiba ba. In shi ne, ciwo ne da mutane suke tsufa da shi in sun kama shi da magani da kula. Rashin zafin da kake taƙama da shi kuwa, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka. Ka je gobe da safe, ba jibi ba, ka cire safa ka nuna musu inda ƙusar ta shiga, ka faɗa musu komai har labarin Baba da Yaya. Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta tun shekara shida, har yau ba ka shafa wa naka ruwa ba.

Wanda ya sauka a damtsenka ya tashi fa? Sauro wari da numfashi da ɗumin jiki yake bi, kai kuma da bakinka ka ce bana hannunka ba ya rabuwa da warin maganin gara. Ina zargin wannan ne. Ban rantse ba, ban kuma san duk abin da ƙwaro ya sani ba. Ka dai sa safar hannu in za ka shafa shi, ka yi a waje inda iska take, kada yara su kwana a ɗaki sai warin ya fita.

Gidan kuwa, raga ta yi, amma ka gyara tunani ɗaya. Ba ka taɓa tare musu cizo ba, ƙanena, ka dai fi su surutu a kai. Abin da zai tare shi ne gidan sauro mai magani a kan kowane gado, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, a ɗinke duk hudar da ta fito. A rufe ƙofofi kafin magariba, yara su sa dogon hannu, a kunna fanka in akwai wuta. Duk gwangwani da bokiti da duro, ko a kife ko a rufe, a duba su kowane mako. Ku haɗu da mai faci ku zubar da ruwan tayoyin nan, ku yashe kwatar, don nan ne ɗakin haihuwarsu. Auta kuma in jikinta ya sake zafi a kai ta a auna jininta a ranar.

Saura maganar maiɗakinka. Na fahimci niyyarka, so kake ka rage mata nauyi, kuma wannan ƙauna ce. Amma wace kwanciyar hankali ce ta rage? Matar da ta buɗe tafin hannunka ta rufe ai ta gama karantawa. Yanzu haka tana ɗaki tana ƙirga watannin damina ita kaɗai, tana ɓoye maka kamar yadda kake ɓoye mata. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka yi wa Yayanka shiru, ka ce har gobe yana maka ciwo, to kada ka bar mata irin wannan gadon. Yau da magariba ka ajiye tafin ƙaryar nan, ka ce mata ta shirya, gobe tare za ku je. Ita ce za ta riƙa duba maka tafin ƙafa kowace yamma, tunda ita ƙafar ta daina magana.

Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma Baba da Yaya babu wanda ya kai su aka auna, kai kuwa ga ka a tsaye da guduma a hannu. Ka yi wa katako maganin shekara goma, sai ka tsaya ka ga ƙarewarsa da idonka.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya 'yan matan nan a gabanka. Ban taɓa yi wa wani wannan addu'ar ba, amma kai zan yi maka: Allah ya sa sauro ya cije ka, ka ji zafin, ka yi tsaki, maiɗakinka ta yi dariya.

Taka, Inna mai fili.